Gwajin leƙa hanji: Abin yi idan likita ya ce ciki bai wanku ba

A ƙauyukan arewacin Jihar Kano, daga Dambatta da Makoda zuwa Bichi, Kunchi, Tsanyawa da Minjibir, mutumin da likita ya rubuta wa gwajin leƙa hanji yana da doguwar hidima a gabansa tun kafin ya ga ƙofar ɗakin gwajin. Zai bar gona, ya nemi kuɗin mota da na magani, ya sami wanda zai raka shi, sannan ya nufi birnin Kano, inda manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke da na'urar da ƙwararrun da ke sarrafa ta. Bayan wannan ɗawainiya, babu abin da ya kai ɓacin rai kamar ya farfaɗo daga allurar barci a shaida masa cewa ba a ga komai da kyau ba, domin cikinsa bai wanku ba, sai an sake.

Irin wannan yana faruwa a ko'ina. Binciken da aka gudanar a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa a wasu wuraren kusan ɗaya cikin kowane gwaji huɗu ana yin sa ne hanji bai gama tsarkaka ba. Sai dai nauyin maimaitawar ya fi danne mutumin karkara, kuma galibi ɗan uwansa da ke birni, ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati, shi ne mai masauki, shi ne mai karanta takardar umarnin asibiti, sau da yawa kuma shi ne mai biyan kuɗin. Saboda haka sanin yadda ake gyara lamarin ya shafi na birni kamar yadda ya shafi na ƙauye.

Mene ne gwajin?

Gwajin, wanda likitoci ke kira kolonoskofi, ana yin sa ne da wani siririn bututu mai lanƙwasuwa da ke ɗauke da fitila da kyamara a bakinsa. Ana zura shi ta dubura, a bi babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, har zuwa mafarinsa a ƙasan ciki ta ɓangaren dama. Likita na kallon bangon hanjin a allon talabijin, yana neman gyambo, kumburi, wurin da jini ke fita, ko wani tsiron nama. Idan ya ga tsiron, sau da yawa yana iya cire shi nan take ko ya gutsuri kaɗan a kai ɗakin bincike.

Waɗannan ƙananan tsirarrakin su ne babban abin nema, domin mafi yawan kansar hanji daga gare su take farawa, kuma sukan ɗauki shekaru kafin su rikiɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 an sami sabbin masu kansar babban hanji fiye da miliyan 1.9 a duniya, yayin da fiye da mutum 930,000 suka mutu sanadinta. Ita ce ta uku a yawa cikin nau'o'in kansa, kuma ta biyu wajen kisa. A Najeriya, likitoci sun daɗe suna kokawa cewa masu cutar kan zo asibiti ne bayan ta yi nisa, kuma da yawansu ba su kai shekarun da ake ganinta a Turai ba. Wani dalilin jinkirin shi ne yadda ake ɗaukar duk wani jini a bayan gida a matsayin basir, a shafe watanni ana shan jiƙe-jiƙe.

Me ya sa tsabtar hanjin take da muhimmanci?

Kyamarar ba ta gani ta cikin ƙazanta. Tsiron da bai wuce girman ƙwayar wake ba, ko wanda ya kwanta shafal a jikin bangon hanji, ɗan ragowar bayan gida ya isa ya lulluɓe shi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011 ya bi mutanen da aka maimaita musu gwajin saboda rashin wankuwar ciki, ya gano cewa kimanin kashi 42 cikin 100 na tsirarrakin da aka samu, ba a gan su a karon farko ba. Baya ga haka, gwajin kan ɗauki lokaci mai tsawo, ya fi wahalar da majinyaci, kuma wani lokacin dole a dakatar da shi a tsakiya.

Likitoci na da ma'aunin da suke auna tsabtar. Wanda aka fi amfani da shi shi ne ma'aunin Boston, da aka fitar a 2009. Ana raba babban hanji kashi uku, wato dama da tsakiya da hagu, a ba kowane kashi maki daga 0 zuwa 3. Ana cewa ciki ya wanku idan jimillar ta kai 6 cikin 9, kuma babu kashin da ya gaza maki 2. Ƙungiyar likitocin leƙa hanji ta Turai, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce ya kamata aƙalla gwaji 90 cikin 100 su cika wannan sharaɗi. Yana da kyau mai rakiya ya duba rahoton da aka ba su, ko ya tambayi likita kai tsaye yadda tsabtar ta kasance. Rahoton da ya ce ba a ga komai ba alhali ciki bai wanku ba, ba shaidar lafiya ba ne.

Dalilan da ke hana ciki wankuwa

Dalilan sun kasu biyu, kuma maganin kowanne daban ne.

Na farko shi ne rashin bin umarni yadda ya kamata, kuma wannan ya fi yawa. A ɗauki misalin magidancin da ya fito daga wani ƙauye a gefen Dambatta. An ba shi takarda da Turanci wadda ba ya iya karantawa, an yi masa bayani a gurguje cewa ya ci abinci marar nauyi. A wurinsa fura ba ta da nauyi, haka ma fate da dambun zogale, alhali waɗannan su ne suka fi barin dusa da ganye a hanji. Maganin kuma lita huɗu ne mai ɗanɗanon gishiri-gishiri; da ya sha rabi zuciyarsa ta tashi, ya ga zawo ya fara, sai ya ɗauka aiki ya kammala. Ragowar da aka ce ya sha da asuba, ya haɗa ya shanye tun da daddare ko ya bar shi, don tsoron kada ciki ya murɗa masa a cikin motar haya a hanyar Kano. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke nuna sakaci. Yanayi ne ya sa.

Na biyu shi ne yanayin jikin mutum, wato wanda ya bi umarni sarai amma hanjinsa ya ƙi sakin kaya. Waɗanda suka fi fuskantar haka sun haɗa da masu fama da taurin bayan gida na tsawon lokaci, masu ciwon sukari, waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, tsofaffi, masu ƙiba sosai, waɗanda aka taɓa yi wa tiyata a ciki, da marasa lafiyar da ke kwance a gadon asibiti. Wasu magunguna ma na rage motsin hanji, musamman tiramadol da kodin da wasu magungunan ciwon damuwa. Ƙwayar ƙarin jini kuwa tana mayar da bayan gida baƙi mai danƙo, ya manne a bangon hanji. Wanda ke shan tiramadol ko kodin ba da izinin likita ba, ya fi masa alheri ya faɗi gaskiya a ɗakin ganin likita, domin ɓoyewar tana iya jawo masa asarar gwaji na biyu.

Abin yi a ranar gwajin

Majinyaci na iya gane halin da yake ciki tun kafin ya bar gida. Idan ciki ya wanku, abin da ke fita a ƙarshe ruwa ne garau mai ɗan launin rawaya, kamar fitsari, babu gudaji. Idan har yanzu ruwan ƙasa-ƙasa ne, mai kauri ko mai gutsattsari, to da saura. A irin wannan hali bai kamata a yi shiru a hau gado ba. A sanar da ma'aikatan jinya da zarar an isa, ko a buga waya tun da safe.

Idan aka faɗa da wuri, asibiti na da hanyoyin ceto gwajin. Ana iya ƙara wa mutum lita ɗaya ko biyu na maganin ya sha, a mayar da shi ƙarshen layi ko zuwa yamma. Ana iya yi masa ɗurar ruwan magani ta dubura. Idan an riga an shiga kuma ƙazantar ba ta da yawa, likita na iya fesa ruwa ta cikin bututun ya zuƙe, ko da yake wannan ba ya maganin bayan gida mai tauri. Ana kuma iya ɗage gwajin zuwa washegari, mutum ya ci gaba da shan ruwa zalla tare da ƙarin magani. Ga wanda ya zo daga nesa, wannan hanya ta ƙarshe ta fi sauƙi, tun da hanjin ya riga ya yi rabin wankuwa kuma ba sai ya sake biyan kuɗin mota ba. Ya dace mai rakiya ya tambaya ko hakan zai yiwu kafin su kama hanyar gida.

Idan bai yiwu ba, ƙa'idojin Turai da na Amurka sun dace a kan cewa a maimaita gwajin cikin shekara guda. Wannan iyaka ce ga wanda ba shi da wata alamar ciwo. Wanda ke ganin jini a bayan gida, ko yake ramewa, ko jininsa ke raguwa ba a san dalili ba, bai kamata ya jira watanni ba, balle ya ce sai bayan kaka.

Yadda ake shirin karo na biyu

Matakin farko shi ne a zauna da likita a gano abin da ya faru. Shin an shanye maganin duka? Da ƙarfe nawa? An yi amai? Me aka ci kwana biyu kafin ranar? Idan matsalar ta rashin bin umarni ce, sau da yawa maganin da aka bayar a baya ya isa, muddin aka sha shi daidai. Idan kuwa an bi komai amma bai yi ba, sai a ƙarfafa shirin.

Abu mafi tasiri da aka tabbatar shi ne raba maganin gida biyu: rabi da yammacin jajiberen gwajin, rabi da safiyar ranar. Dalilin kuwa shi ne, ko an wanke hanji tas da daddare, ƙaramin hanji na ci gaba da zubo ruwan ɗaci da majina cikin babban hanji har gari ya waye, su lulluɓe ɓangaren dama, inda tsirarraki masu wuyar gani suka fi ɓuya. Ƙa'idar ita ce a fara shan kashi na biyu cikin sa'o'i biyar kafin gwajin, a kuma gama aƙalla sa'o'i biyu kafin a shiga. Wanda aka ba ƙarfe 10:00 na safe, misali, zai iya farawa da ƙarfe 5:30 na asuba, ya gama zuwa 7:30, daga nan ya kame baki.

Wannan ne ya sa kwana a birni ya zama wani ɓangare na maganin. Ba zai yiwu mutum ya sha lita biyu na maganin wankin ciki sannan ya shiga motar haya daga Kunchi ko Tsanyawa ba. Ya kamata ya iso Kano kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a sauke shi a ɗakin da ke kusa da bayi, a tanadar masa ruwa da buta da fitila. Idan babu wurin kwana, a roƙi asibiti ya ba shi lokacin rana, yadda zai sha kashi na biyu da sassafe, cikin ya lafa kafin ya taso.

Ga waɗanda hanjinsu ke da taurin kai, likitoci kan ba da cikakkiyar lita huɗu ta maganin da ake kira PEG a rabe biyu, su haɗa da ƙwayar bisakodil, wadda aka fi sani da Dulcolax, sannan su tsawaita kiyaye abinci zuwa kwana biyu ko uku. Wani bincike da aka yi a Kanada a kan mutanen da cikinsu bai wanku ba a karon farko ya nuna cewa ƙara maganin zuwa lita shida bai fi lita huɗu tare da bisakodil amfani ba, sai dai ƙarin wahala. Mai taurin bayan gida kuma ana iya fara ba shi maganin sassauta ciki kwanaki kafin ranar. Wasu likitocin na ƙara simetikon domin rage kumfar da ke tare kyamara.

Wajen awo, ledar ruwan sha da ake sayarwa a ko'ina rabin lita ce. Lita biyu leda huɗu ke nan, lita huɗu kuma leda takwas. Ana shan rabin leda, wato kofi ɗaya, duk bayan minti 10 zuwa 15. Sanyaya maganin, zuƙarsa da tsinke, da tsotsar lemun tsami a tsakani na rage tashin zuciya. Idan amai ya taso, a huta kamar rabin sa'a sannan a ci gaba a hankali. Zagayawa a tsakar gida tsakanin kofi da kofi na taimaka wa hanji motsi. Ba duk magunguna ake haɗawa da ruwa iri ɗaya ba, don haka a bi awon da aka rubuta a jikin wanda aka bayar.

Abincin da za a bari da wanda za a ci

Yawancin takardun umarni an tsara su ne da abincin wasu ƙasashe, shi ya sa ake buƙatar fassara su zuwa abin da ke cikin tukunyar gida. A kwanakin shiri a bar fura, tuwon dawa da na gero da na masara, dambu, fate, wake da duk abin da ake yi da shi kamar ƙosai da alale. A bar miyar kuka, kuɓewa, zogale, rama da alayyafo. A bar gyaɗa, riɗi, aya, dabino da goro, da 'ya'yan itatuwa masu ƙwaya irin su gwaiba da kankana, haka ma tumatir da tattasai, domin ƙananan 'ya'yansu na daɗewa a hanji, har sukan toshe bututun na'urar.

Abin da za a iya ci shi ne farar shinkafa, farin burodi, taliya, dafaffen ƙwai, kifi, naman kaza marar fata, dankalin Turawa da aka feraye, da kokon da aka tace sosai. Daga lokacin da likita ya ce a daina cin abinci, sai ruwan da ake iya hango ƙasan kofi ta cikinsa: ruwan sha, shayi ba madara, romon da aka tace, da lemun kwalba marar launi. Nono da madara da kunu ba sa cikin wannan rukuni. Zoɓo da duk wani abin sha ja an hana, saboda launinsa kan yi kama da jini a idon kyamara.

Ƙwayar ƙarin jini ana dakatar da ita kimanin mako guda kafin gwajin. Masu ciwon sukari, masu shan magungunan tsinka jini, da masu shan maganin da ke sa yawan fitsari, su kai wa likita duk magungunansu ya tsara musu yadda za su yi. Kada kowa ya daina ko ya rage magani da ra'ayin kansa.

Hattara da wankin ciki na gida

Wankin ciki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma idan aka ji cewa maganin asibiti bai yi aiki ba, ba a rasa mai ba da shawarar a ƙara da filasko, jar kanwa ko wani jiƙo daga kasuwa. Haɗarin shi ne babu wanda ya san ƙarfin abin da aka jiƙa, kuma haɗa shi da maganin asibiti na iya zubar da ruwa da gishirin jiki fiye da kima, musamman ga tsoho a lokacin bazara, sa'ad da zafin Kano ke haura digiri 40. Ko cikin magungunan asibiti ma akwai wanda ba kowa ake ba ba. A watan Disambar 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi kakkausan gargaɗi a kan maganin wankin hanji mai sinadarin sodiyam fosfet saboda yana iya lalata ƙoda. Masu ciwon ƙoda, ciwon zuciya ko ciwon hanta dole ne likita ya zaɓar musu wanda ya dace.

Wanda cikinsa ya kumbura, yake amai, kuma bayan gida da iska suka daina fita, kada ya sha kowane irin maganin wankin ciki. Alamar toshewar hanji ce, wurinsa sashen gaggawa. Haka nan idan jiri mai tsanani, ruɗewa, suma ko ɗaukewar fitsari suka biyo bayan shan maganin, a garzaya asibiti.

Azumi ma abin lura ne. Shirin gwajin na buƙatar shan ruwa mai yawa da safe da rana, don haka ba ya haɗuwa da azumi, na farilla ko na nafila. Idan ranar ta faɗo cikin Ramadan, a tattauna da likita ko za a iya matsar da ita. Idan gwajin na gaggawa ne, a nemi bayanin malamai a kan rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya.

Rawar da mai masauki zai taka

Bincike da dama ya nuna cewa ƙarin bayani, ko ta hoto ko ta kiran waya kwana ɗaya kafin gwajin, na ƙara yawan waɗanda cikinsu ke wankuwa. Wannan aiki ne da ɗan uwa zai iya yi ba tare da kashe ko kwabo ba. Ya nemi a yi bayanin da Hausa a gabansa, ya rubuta lokutan shan magani a takarda, ya danganta su da lokutan salla yadda tsoho zai riƙe, ya karɓi lambar wayar sashen, ya kuma sanar da uwargida abin da za a dafa wa baƙon da abin da ba za a ba shi ba, ko da ya roƙa. Idan majinyaciyar mace ce, a samu 'yar uwa mace ta zauna da ita, domin kunya kan hana iyaye mata faɗin yadda bayan gidansu yake a gaban 'ya'yansu maza.

A ranar gwajin kuma dole a samu mai rakiya, saboda allurar barcin da ake yi na hana mutum tuƙa mota ko hawa babur shi kaɗai har sai washegari. Kafin a bar asibiti, a tambayi likita abu uku: ko na'urar ta kai ƙarshen hanji, ko cikin ya wanku yadda ake so, da kuma ranar da za a dawo. A adana rahoton wuri mai kyau, domin duk likitan da zai sake duba majinyacin nan gaba zai buƙaci sanin yadda shirin baya ya kasance.